Tanadin Gida Kafin Ambaliya: Ruwa, Abinci da Jakar Fita

A daren 9 ga Satumba, wayewar 10 ga wata, shekarar 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya doshi Maiduguri mutane suna barci. Kafin yinin ya ƙare ya mamaye unguwanni irin su Fori da Gwange, ya shiga babbar kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a. Rabon garin da ganin irin wannan tun 1994. Jama'a da yawa sun fito daga su sai kayan jikinsu, alhali a gidajen da suka baro akwai buhunan shinkafa da masara da gero a jibge a ƙasan sito. Bayan wata takwas, a ƙarshen Mayun 2025, aka yi na Mokwa a jihar Neja, inda ruwan ya zo da asuba ya ci rayuka fiye da 150. Mutanen Haɗeja da Auyo da Ringim kuwa, da na bakin kogin Kwara a Yamai, ba sa buƙatar a ba su labari.

Bahaushe ya san tanadi. Rumbu shaida ne, haka ma kuka da kuɓewa da tumatir da ake shanyawa da kaka. Sai dai tanadinmu na yunwa ne, wato na abin da ke zuwa a hankali, ana ganinsa tun daga nesa. Ambaliya da gobara da tarzoma ba sa ba da wannan sarari. Suna raba gida da abu uku a lokaci guda: ruwan sha mai tsabta, wutar girki, da lokacin tsayawa a yi tunani. Buhun masara ba ya amfanar wanda ba shi da injin niƙa, ba shi da busasshen ice, kuma ruwa ya kai masa ƙugu. Saboda haka tanadin gaggawa kashi biyu ne, kuma kada a haɗa su wuri ɗaya. Akwai kayan zama, na ranar da aka maƙale a gida ba shiga ba fita, kamar yadda aka gani lokacin kullen korona a 2020 ko duk sanda aka sa dokar hana fita. Akwai kuma kayan fita, waɗanda za a sura cikin minti biyar ko da a cikin duhu ne.

A fara da ruwa, domin shi ne abin da aka fi mantawa, shi ne kuma ya fi saurin kisa. Idan ambaliya ta zo, masai yakan cika ya tumbatso, kwata ta haɗu da rijiya, famfo ya ɗauke ko ya riƙa kawo gurɓataccen ruwa. Shi ya sa amai da gudawa ke bin bayan ambaliya kusan kowace shekara. Ƙungiyoyin agaji suna lissafa lita 15 ga mutum ɗaya a yini idan za a sha, a yi girki, a yi tsafta. Na sha zalla kuwa kusan lita 3 ne. Gida mai mutum takwas ke nan yana buƙatar lita 72 na sha kawai na kwana uku, wato jarka uku irin mai lita 25 ɗin nan da 'yan garuwa ke turawa. In da hali a ninka, saboda girki da alwala da wanke wa yara jiki. Wanda ya fi son ruwan leda ya sani jaka ɗaya mai ƙulli 20 lita 10 ce, kuma ba ta son rana ko kusa da kananzir da fetur, don leda tana ɗaukar wari.

Jarkar da aka taɓa zuba wa fetur ko maganin feshi ba ta zama ta ruwan sha, ko sau nawa aka wanke ta. Ta man gyaɗa tana yi, in an wanke ta da sabulu da ruwan zafi har santsin ya fita. A cika, a rufe da murfinta gam, a ɗora a kan benci ko bulo inda ruwan ƙasa ba zai kai bakinta ba. Kada a bar ruwan ya yi wata da watanni a ajiye. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa jarkokin cikin hidimar gida: a sha ta farko, a cika ta, a mayar da ita ƙarshen layi. Da haka kullum akwai ruwa, kuma kullum sabo ne. Randa tana da daɗin sanyi, amma bakinta a buɗe yake, kowa yana tsoma moɗa, kuma ba ta ɗaukuwa. A bar ta a matsayinta na yau da kullum.

Ruwan ajiya zai ƙare, don haka dole a san yadda ake gyara wanda aka samu. Idan ya yi dagwalo, a bar shi ya kwanta, ko a sa masa ɗan alam ko dakakken ƙwallon zogale, sannan a tace da tsabtataccen ƙyalle. Amma a kula sosai: ruwa ya yi garau ba yana nufin ƙwayoyin cuta sun mutu ba. Alam laka yake kwantarwa kawai. Abin da ke kashe cuta shi ne tafasawa, a bar shi yana tafarfasa na minti ɗaya cur, ko kuma maganin ruwa irin su Aquatabs da WaterGuard da ake samu a kemis. A bi ma'aunin da aka rubuta a jikinsu, a jira rabin sa'a kafin a sha. In babu wuta babu magani, a zuba ruwan da ya riga ya washe a farar gorar roba wadda ake ganin cikinta, a kwantar da ita a kan kwano cikin rana mai ƙarfi na sa'a shida, ko kwana biyu in akwai hadari. Wannan dabara ce ta ƙarshe, amma ta fi shan ruwan yadda yake. A ganina maganin ruwa shi ne abu mafi araha kuma mafi daraja a duk cikin kayan da za a tanada, ga shi ba nauyi, yana shiga aljihu.

Sai abinci. A nan mun yi sa'a, domin abincinmu na gargajiya cike yake da guzurin matafiya da ba ya buƙatar wuta. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari suna riƙe ciki, kuma suna daɗewa in ba su sha danshi ba. Ga dabino, ga soyayyar gyaɗa, ga aya, ga zuma. Nakiya da alkaki da cincin, waɗanda muke ɗauka kayan gara ne kawai, suna yin watanni ba su lalace ba in an yi su da kyau. Kilishi da dambun nama da ya soyu ƙarau suna ba da ƙarfi, sai dai a riƙa duba su saboda fumfuna da damina. A ƙara da madarar gari da biskit da kifin gwangwani ga mai hali. A auna abin da zai ishi gidan kwana uku zuwa mako ɗaya ba tare da an hura wuta ba, a zuba a leda, a ƙulle, a sa a bokitin fenti mai murfi wanda aka wanke tas. Bokitin nan yana hana ruwa da ɓera da kyankyaso, yana da mariƙi, yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya ɗaukarsa a ka. A rage abu mai yaji da gishiri da yawa, don yana ƙara ƙishirwa a lokacin da ruwa ke da tsada.

Wannan bokiti ma ba a kulle shi a manta. Ƙuli-ƙuli yana yin ɗaci, gyaɗa tana tsufa. Duk bayan wata ɗaya ko biyu uwargida ta buɗe, a ci na ciki, a zuba sabo. Wanda ba shi da kuɗin sayen komai a tashi ɗaya ya riƙa ƙara mudu ɗaya ko ƙulli ɗaya duk ranar kasuwa. Ba aikin masu kuɗi ba ne, hasali ma talaka ya fi buƙatarsa, tunda shi ne ba shi da otal ɗin da zai kama ko motar da za ta fitar da shi.

Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, ko da hankalinta a tashe yake, ko da tana ganin kamar ruwan nonon ya ragu. A ba ta ruwa da abinci kafin kowa. Madarar gwangwani da aka dama da ruwan da ba a tabbatar da shi ba, a cikin bulumbotin da ba a samu an tafasa ba, tana jawo gudawar da ke kashe jarirai cikin kwana ɗaya ko biyu.

Hatsin gida kuwa, wato abincin zama, babban gyaransa shi ne a ɗaga shi daga ƙasa. Buhun da ke kan daɓe ko ruwa bai shigo ba yana shan sanyi daga ƙasa, balle ruwa ya kai idon sawu. A jera bulo, a shimfiɗa katako, a ɗora buhuna, a bar tazara tsakaninsu da bango. Durom mai murfi ya fi. Wake yana son buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska ba tare da an sa magani ba. Kada a taɓa ajiye hatsin da aka sa wa ƙwayar maganin ƙwari mai fitar da hayaƙi a ɗakin da ake kwana, domin iskarsa tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. A ware buhun gawayi guda a rataye ko a ɗora a sama, tare da ashana a ƙulle cikin leda. Amma komai sanyi komai ruwan sama, ba a hura gawayi ko a tayar da janareta a rufaffen ɗaki. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji, iyali guda sukan tafi a haka a dare ɗaya.

Yanzu jakar fita. Abin da ya fi wahalar mayarwa bayan bala'i ba katifa ba ce ko talabijin, takardu ne. Takardar fili ko ta gida, takardar haihuwa, sakamakon WAEC da NECO da shaidar kammala makaranta, katin ɗan ƙasa mai lambar NIN, katin zaɓe, katin banki, katin asibiti da na rigakafin yara, takardun fansho. Akwai wanda rashin takardar sayen fili kaɗai ya jefa shi shari'a ta shekaru da magadan wanda ya sayar masa. A haɗa su duka a leda mai kauri, a ƙulle, a sake sa wa a wata ledar, sannan a sa a jaka. Kafin a ƙulle, a ɗauki hoton kowacce da waya, gaba da baya, yadda rubutun zai karantu, a tura wa wani ɗan'uwa amintacce da ke wani gari, ko a tura wa kai ta imel. Hoton da ke cikin waya kaɗai yana nitsewa tare da wayar.

A sa kuɗi a hannu, ƙananan canji, gwargwadon abin da zai isa kuɗin mota da abincin kwana biyu ko uku. Duk wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ko ya zauna a Zamfara lokacin da aka katse layukan waya a Satumbar 2021, ya san ranar da kuɗin banki ba sa sayen ko ƙullin gishiri. Mai POS ma gudu yake yi in ruwa ya zo. A haɗa da tocila da batir na ajiya ko fitilar sola, da abin cajin waya na tafi-da-gidanka a cike, da ƙaramin rediyo mai batir. Rediyo yana aiki a lokacin da intanet ta ɗauke, kuma ta nan ake jin inda aka buɗe sansani da hanyar da ta yanke. Ƙaramar waya mai maɓallai da ke riƙe caji kwanaki ta fi babbar waya amfani a irin wannan rana. A rubuta lambobin 'yan'uwa da na mai unguwa a takarda, don yawancinmu yanzu ba mu haddace lambar kowa ba. Lambar gaggawa ta ƙasa a Najeriya ita ce 112.

Tufafi kala ɗaya ga kowa ya isa, da zani ko bargo mara nauyi, da takalmin da ke kama ƙafa, domin silifas ruwa ke fara ɗaukewa, kuma a ƙarƙashin ruwan akwai kwalba da ƙusa da kwano. A sa sabulu, da buta, da kofi, da leda babba da za a iya shimfiɗawa ko a yi rumfa da ita, da igiya. Gidan sauro wajibi ne, saboda makarantun da ake tsugunar da mutane ba su da tagogin kirki, kuma bayan ambaliya sauro yake samun gari. Kada a manta audugar mata. Maza ne yawanci ke tsara kayan agaji, kuma wannan na daga abin da ba sa tunawa, mata kuma kunya ba ta barinsu su tambaya. Idan akwai mai tsohon ciki a gidan, kayan haihuwarta su zauna a haɗe tun watan bakwai.

Maganar magani tana buƙatar natsuwa. Duk mai shan magani kullum, na hawan jini ko ciwon suga ko asma ko farfaɗiya ko sikila ko tarin fuka ko ƙanjamau, kada ya bari sai ƙwayar ƙarshe kafin ya karɓo wani, musamman daga Yuli zuwa Oktoba. Ya yi ƙoƙari kullum akwai na mako biyu a gaba, kuma a rubuta sunan maganin da yadda ake sha a takarda a sa cikin jakar, don in ya ɓace a iya gaya wa ma'aikacin lafiya. Mai allurar insulin ya kare ta daga zafi: in babu firji, a sa ta a leda a ajiye cikin tukunyar ƙasa da aka zagaye da jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Bayan wannan, a tanadi farasitamol, da bandeji da filasta, da maganin wanke ciwo, da ƙullin ORS da ƙwayar zinc na yara. In ORS ya ƙare ana haɗa shi a gida: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin na gishiri. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙarfi, yawansa illa ne ga yaro. A riƙa ba mai gudawa kaɗan-kaɗan ba tsayawa, ana kan hanyar asibiti. Ruwa yana kuma koro macizai zuwa inda mutane suke fakewa. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a cire zobe ko awarwaro, a garzaya asibiti.

Jakar ta zauna a rataye kusa da ƙofa, sama da ƙasa, kowa a gidan ya san wurinta. A gidan da ke da mata biyu ko uku, kowane ɗaki ya yi tasa, kowace uwa ta san 'ya'yan da za ta riƙe. Takardun gida gaba ɗaya kuma a sa su hannun mutum ɗaya da aka sani.

Akwai wata magana da nake ganin ta fi duk kayan nan muhimmanci, kuma ba ta cin ko kwabo. Maigida ya zaunar da iyalinsa tun yanzu ya faɗa musu a fili cewa in ruwa ko wuta ta zo ba ya nan, su fita, ba sai sun jira izininsa ba. A gidajen da ake kulle, mace takan tsaya tana kiran wayar da ba ta shiga, ruwa yana hawa, saboda ba ta saba taka ƙofar gida ba tare da an ce ta fita ba. Minti goman nan na jira yana iya zama shi ne bambanci. A kuma yanke tun da wuri inda za a nufa, wuri mai tudu da aka sani, da hanya ta biyu in ta farko ta yanke, da gidan da za a haɗu in an rabu. A faɗi sunan wanda zai goya kaka, da wanda zai riƙe makaho ko gurgu, da wanda zai leƙa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a maƙwabta. Malamin tsangaya ya yi irin wannan lissafi da almajiransa, ya san adadinsu, ya raba ƙanana a hannun manya. Yaro da ya fara wayo a koya masa cikakken sunan mahaifinsa da unguwarsu da lambar waya ɗaya.

Lokacin yin duk wannan shi ne bazara, kafin ruwa ya sauka. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA mai kula da koguna kuma takan bayyana jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kafin damina ta kankama. Mazauna bakin Binuwai su kasa kunne ga sanarwar sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda ta taka rawa a manyan ambaliyar 2012 da 2022. Na kwarin Haɗeja su bi labarin madatsun Tiga da Challawa. A wannan lokacin ne ake yashe kwata, a gyara indararo, a yi wa ginin ƙasa yaɓe da tokari a gindi, a cika 'yan buhunan yashi a ajiye kusa da zaure. Gidan ƙasa daga tushe yake jiƙa ya zauna, sau da yawa cikin dare. Idan bango ya fara tsagewa ko gindinsa ya yi laushi, kada a kwana a ɗakin.

Ranar da aka ce a tashi, a tashi. A kashe wutar lantarki daga babban makunni in ana iya kai wa gare shi ba tare da an taka ruwa ba, a rufe tukunyar gas, a kwance dabbobi daga turke, domin akuya a ɗaure ba ta da yadda za ta yi. Ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu kaɗan yana iya kayar da babban mutum, wanda ya kai gwiwa kuma yana tafiya da ƙaramar mota. Kada a bi gadar da ruwa ya shafe, kada a cika kwalekwale fiye da ƙima don ana sauri.

Komawa gida ma tana da nata haɗarin. A jira sai hukuma ko masu unguwa sun ce ruwa ya janye. A duba bango da rufi daga waje kafin a shiga, a bubbuga kaya da sanda saboda maciji da kunama, kada a kunna wuta sai mai gyara ya duba wayoyin sun bushe. Duk abincin da ruwan ambaliya ya taɓa a zubar da shi, ko da buhu guda ne, ko da an shanya ya bushe, domin ruwan masai ne ya ratsa shi. Rijiya kuma sai an kwashe ruwanta, an yashe ta, an sa mata sinadarin kulorin, kuma ko bayan haka a ci gaba da tafasa na sha ko sa masa magani na wasu makonni.